Gita ta gida: aikin katako ga mai koyo

Gita tana da tsada a kanti, amma mai haƙuri zai iya haɗa tasa a gida. Mdou Moctar, makaɗin nan na jihar Tawa, da hannunsa ya haɗa gitarsa ta farko, da katako da wayar birkin keke. Daga baya ya yi wasa har Turai da Amurka. Shi ma Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi suna. Ashe ba tsadar kaya ce ke kawo daɗin kiɗa ba. A nan za mu koyi haɗa ƙaramar gita mai tsirkiya 3.

Daga ina sauti ke fitowa?

In ka ɗaure waya tsakanin ƙusa biyu ka kaɗa ta, da ƙyar za ka ji ta. A jikin gurmi, tsirkiya tana zaune bisa ɗan icce da ake ce ma jaki. Jaki ke kai motsin tsirkiya ga fata, fata ta yi rawa, ƙwarya ta ƙara ma sautin ƙarfi. Gita ma haka take. Akwati shi ne ƙwarya, fuskar akwati ita ce fata. Shi ya sa ake son fuskar ta zama marar kauri.

Zaɓen icce

An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To, wuyan gita ba a son ya tanƙware ko kaɗan, saboda haka busasshen icce za ka nema. In ka yi aiki da ɗanye, hunturu na zuwa wuyan zai karkace, aikinka da kuɗinka su tafi banza. Ga yadda ake ganewa: auna katakon a sikeli, ajiye shi a inuwa mako ɗaya, ka sake aunawa. In nauyinsa ya ragu, da sauran ruwa a cikinsa, sai ka ƙara jira.

Maɗaci yana da kyau don wuya. Ƙirya da aduwa suna da tauri, sun dace da jaki da kunnuwa. Kada ka sare icce mai rai, balle gawo, wanda doka ta kare. Tsohon gado, karyayyen tebur da guntayen wurin kafinta sun isa, kuma sun riga sun bushe.

Kayan aiki

Zarto, guduma, wuƙa mai kaifi, magagari, abin huda katako, gam na katako, ƙananan ƙusoshi, fensir da metir na awo. Abin da ba ka da shi, ka ara wurin kafinta, ka maido masa da wuri.

Yadda ake haɗawa

1. Wuya. Yanke sanda mai tsawon santimetir 85, faɗi 4, kauri 3. Goge fuskarta ta yi sumul. Kanga ta ga idonka kamar mai saitin bindiga, ka tabbata ta miƙe. Bayanta kuma ka rage kaifin gefe da magagari don hannu ya ji daɗi.

2. Akwati. Tsawo santimetir 35, faɗi 22, zurfi 8. Fuskarsa katako mai kaurin milimetir 3. Huda ƙofa zagayayya a fuskar, mai faɗin santimetir 6, a gefe guda, inda sanda ba za ta tare ta ba.

3. Shigar da wuya. Sanda za ta ratsa akwati, kamar yadda ta gurmi ke ratsa ƙwarya. Bar santimetir 44 a sama, 35 a ciki, 6 ya leƙo ta ƙasa. Wurin da ke cikin akwati, sassaƙe samansa kaɗan don kada ya taɓa fuska. In ya taɓa, sauti zai mutu. Shafa gam, ka danne da dutse, ka bar shi ya kwana.

4. Kunnuwa. A santimetir 12 na kan sanda, huda rami 3. Fiƙe kunnuwa 3 masu tsini kaɗan, yadda za su shiga da matsi. Ƙarshen sanda na ƙasa ma huda ƙananan ramuka 3 don ɗaurin tsirkiya.

5. Jakuna biyu. Ƙaramin jaki yana zama a santimetir 12 daga kan sanda. Babban jaki yana bisa fuskar akwati. Tsakaninsu santimetir 60 cif, wato milimetir 600. Kada ka sa ma babban jaki gam, tsirkiya ce za ta danne shi.

Wurin da karatu ke da rana

Yanzu sai matakai, wato ƙarafan da ke gicciye a wuya, inda yatsa ke danna tsirkiya. Ba a sa su da ka. Kuskuren milimetir 2 ya isa ya ɓata waƙa. Ɗora kan metir a bakin ƙaramin jaki, kada ka gusa shi, ka yi alama da fensir a waɗannan milimetir:

34, 65, 95, 124, 150, 176, 200, 222, 243, 263, 282, 300.

Duba da kyau. Mataki na 12 ya faɗa a 300, rabin 600 ke nan. Na 7 yana kashi ɗaya cikin uku, na 5 kuma kashi ɗaya cikin huɗu. Auna sau biyu kafin ka yanka. Kowace alama, ka ɗan tsaga ta da zarto, ka kwantar da siririyar ƙusa da aka cire ma kai, ka riƙe ta da gam. Duka su zama tudu ɗaya.

Tsirkiya da saiti

Warware wayar birkin keke ka ɗauki sili, ko ka sayi zaren roba na kamun kifi. Ta farko ta zama mai kauri, ta biyu matsakaiciya, ta uku siririya. Tsakanin tsirkiya da mataki na 12 a sami milimetir 3. In ya wuce haka, rage tsawon jaki.

Murɗa ta farko har ta yi murya mai daɗi. Danna ta a mataki na 7, wannan muryar ita ce ta tsirkiya ta biyu. Danna ta a na 12, ita ce ta uku. Muryar mataki na 12 ita ce dai ta tsirkiya sake, sai dai ta fi ta sama, kamar yaro da babba suna waƙa ɗaya. In ta zarce, ja babban jaki baya kaɗan.

A kiyaye

In kana fiƙa, wuƙa ta nufi waje, ba cikinka ba. In kana murɗa tsirkiya, kau da fuskarka, don waya in ta tsinke tana iya samun ido. Wanda ƙusa mai tsatsa ta soke, ya wanke da sabulu, ya tafi likita a ranar. Gita kuma a rataye ta a ɗaki, nesa da rana da laima.

Hannun da ya iya awo, yanka da haɗi ya kama hanyar yin benci, allo da akwatin tufafi. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi

1. Don me ba a yin wuyan gita da ɗanyen icce?
2. Mene ne aikin jaki?
3. In tsakanin jakuna biyu santimetir 50 ne, a ina mataki na 12 zai zauna?