Kaspersky: Mai Gadin Da Ake Zargi

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. Shi ya sa muke sa wa kwamfutocinmu manhajar kashe ƙwayoyin cuta, wato antibairos. Cikin waɗanda suka yi fice akwai Kaspersky ta ƙasar Rasha. To, amma yau mai gadin shi kansa yana cikin zargi.

Eugene Kaspersky ya karanci lissafi da rubutun sirri a wata babbar makaranta ta KGB, hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet, ya kammala a 1987. A 1989 wata ƙwaya mai suna Cascade ta shiga kwamfutarsa, ya zauna ya haɗa maganinta. A 1997 shi da matarsa ta lokacin, Natalya, da wani abokin aikinsu suka kafa kamfanin a Mosko.

Kamfanin ya yi suna wajen tonon asiri. A 2012 ya bankaɗo Flame, wadda ke leƙen asiri a Gabas ta Tsakiya. A 2015 ya fallasa ƙungiyar Equation, wadda masana suka danganta da hukumar NSA ta Amurka.

To ina matsalar? Antibairos kamar mai gadi ne da muka damƙa wa makullan kowane ɗaki. Tana duba kowane fayil, ta aika wa kamfani abin da take shakka. A 2017 jaridun Amurka suka ce 'yan leƙen asirin Rasha sun bi ta wannan ƙofa suka kwashi takardun NSA daga kwamfutar wani ma'aikaci da ya tafi da su gida. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kamfanin ya musanta haɗa baki da gwamnatin Rasha, amma ya amsa cewa manhajarsa ta tsinto irin waɗannan takardu a 2014, ya ce an goge su.

A Satumban 2017 Amurka ta hana ofisoshin gwamnatinta amfani da manhajar. Kamfanin ya fara mayar da ajiyar bayanai Zurich ta ƙasar Suwizalan a 2018, duk da haka hankula ba su kwanta ba. Jamus ta gargaɗi jama'arta a 2022, sannan a Yunin 2024 Amurka ta haramta sayar da ita baki ɗaya.

Darasi gare mu shi ne, kafin mu ba mai gadi makulli, mu tambayi wane ne ubangidansa. Sirrin wurin aiki kuma mu bar shi a wurin aiki. Allah ya kare mu.