Lauya Mai Hatimin Shaida: Bayani Ga Hakimai da Malamansu Na Ƙasar Bagudo

Ƙasar Bagudo tana bakin iyaka. Wanda ya tashi daga Tsamiya ya nufi Segbana, ko ya bi ta Lolo, ba ya daɗewa sai ya ga ya shiga Jamhuriyar Benin, inda harshen ofis Faransanci ne, shari'a kuwa ta bi tsarin Faransa. Mutanen Illo da na Ka'oje suna da dangi da abokan ciniki a can tun kafin a ja iyakar. Saboda haka ba a rasa mai zuwa ƙofar hakimi da takarda a hannu, yana roƙo a buga masa hatimi don ya kai ta ƙetare.

To, hatimin hakimi yana da girma a ƙasarsa, amma kotun Kandi ba ta san shi ba. Akwai wani ma'aikaci dabam wanda doka ta ba wannan aiki, Turawa suna ce masa notari. Watau lauya ne wanda aka yarda da shaidarsa har a waɗansu ƙasashe. Shi ne zai tabbatar cewa wane ne ya sa hannu a gabansa, da saninsa, ba a tilasta shi ba. Yana rantsar da mutane, yana kuma shaida cewa kwafin takarda ya yi daidai da ta asali. A ce wani falke a Illo yana da gida a Malanbil, yana so ya wakilta ƙanensa ya sayar masa. Takardar wakilcin nan, in ana so ta yi aiki a can, sai ta bi ta hannun notari.

Dokar farko da ta tsara wannan aiki a Nijeriya an yi ta a 1936, ta kuwa yi shekara 87 tana aiki. A 1936 babu wanda ya san za a yi waya mai nuna fuska, saboda haka dokar ta tsufa ƙwarai. A watan Yuni na 2023 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwa, aka soke waccan.

Abin da bai sake ba shi ne mai naɗawa. Alƙalin Alƙalan Nijeriya kaɗai ke naɗa notari. Gwamna ba shi da wannan iko, balle shugaban ƙaramar hukuma. Kuma ba a naɗa kowa sai lauya. Wanda aka naɗa yakan yi rantsuwa, a rubuta sunansa cikin littafin da Babban Magatakardan Kotun Ƙoli ke ajiyewa a Abuja, daga nan ya zama ma'aikacin wannan kotu. In ya ci amana ana iya dakatar da shi ko a share sunansa.

Hanyar kaiwa ga wannan matsayi doguwa ce, kuma ya kamata hakimai su san tsawonta, don iyayen yara sukan tambaye su shawara. Yaro ya gama sakandare, sai ya yi shekara 5 yana karatun shari'a a jami'a, kamar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Sa'an nan ya yi shekara guda a Makarantar Horon Lauyoyi, wadda aka kafa a 1962, mai hedkwata a Bwari kusa da Abuja, da reshe a Bagauda ta Jihar Kano da waɗansu wurare. In ya ci jarrabawa a rantsar da shi lauya, ya rubuta sunansa a Kotun Ƙoli. Duk da haka bai isa neman hatimi ba tukuna. Sai ya yi aikin lauya shekaru, ya kuma nuna rasit na kuɗin izinin aiki na shekara 7, kowanne an biya shi kan lokaci, watau kafin watan Maris ya ƙare. Nan ne masu sakaci ke tuntuɓe, gama kuɗin ba su da yawa, mantuwa ce ke kayar da mutum. A 2023 sabon lauya Naira 5,000 yake biya a shekara, wanda ya kai shekara 15 Naira 25,000, Babban Lauyan Nijeriya kuwa Naira 50,000. Nauyin na gaskiya yana wajen karatun shekara 6 ɗin nan, da abinci da wurin kwana da littattafai. Yaron da ya shiga jami'a yana da shekara 18, da wuya ya riƙe hatimi bai haura 30 ba.

Sabon abin da dokar 2023 ta kawo shi ne shaida daga nesa. Yanzu notari yana iya zama a Birnin Kebbi ko Abuja, mai takarda yana Bagudo, su ga juna su ji juna ta waya ko kwamfuta, a sa hannu, a buga hatimi na na'ura. Kotunan Nijeriya za su karɓi wannan takarda kamar wadda aka yi ido da ido. Amma ba kowane notari ke da izinin yin haka ba. Dole ya fara sanar da Babban Magatakarda, a rubuta cewa yana da kayan aikin, da sa hannunsa da hatiminsa na na'ura. Wannan ƙarin koyo ne gare shi, ƙarin kuɗi kuma, don sai ya tanadi na'ura da intanet, ya iya tabbatar da ko wane ne ke magana da shi, ya kuma adana abin da aka yi. Ga mutumin Lolo, wanda dā sai ya biya kuɗin mota ya ɓata yini, wannan sauƙi ne babba, muddin wayar ta kama. A ƙauyukan bakin kogi ba kullum take kamawa ba.

Akwai ruɗu biyu da ya kamata malaman hakimai su warware wa jama'a. Na ɗaya, ba kowace takarda ke bukatar notari ba. Rantsuwar shekarun haihuwa, ko ta ɓatan takarda, ko ta sake suna, in a cikin Nijeriya za a yi amfani da ita, kwamishinan rantsuwa na ofishin kotu ya isa, kuma ya fi araha nesa. Kada a bar talaka ya kai wa lauya kuɗin da bai kamata ba.

Na biyu ya fi wuyar ganewa. Su ma mutanen Benin suna da nasu, suna ce masa noter, amma aikinsa ya fi na notari faɗi. Shi gwamnati ke ba ofis, shi ke tsara takardar da kansa, ya ajiye ta asali wurinsa, ya ba masu ita kwafi, musamman a cinikin gida da fili da kafa kamfani. Saboda haka hatimin notarin Nijeriya ba ya ɗauke wa mutum zuwa wurin noter in dukiyar tana can. Har wa yau Nijeriya ba ta cikin yarjejeniyar Heg ta 1961, wadda ta sauƙaƙa karɓar takardu tsakanin ƙasashe. Don haka bayan hatimin notari sau da yawa sai an kai takarda Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sa'an nan ofishin jakadancin ƙasar da za ta, a kuma juya ta zuwa Faransanci. Mai hankali yakan fara tambayar ofishin da zai karɓi takardar abin da suke so, kafin ya kashe ko kwabo.

Aikin hakimi cikin wannan sha'ani bai ragu ba. Wasiƙarsa ita ce ke nuna mutum ɗan ina ne, ɗan wane ne, gonar nan ta wa ce. Sai dai malamin hakimi ya rubuta abin da aka sani kawai, kada ya sa kalmar da za ta nuna kamar an yi rantsuwa a gabansa. In kuma wani baƙo ya zo kasuwa da jaka da tambari yana cewa shi notari ne, a nemi ganin takardar naɗinsa daga Kotun Ƙoli, a kuma tambayi reshen Ƙungiyar Lauyoyi na Birnin Kebbi. Yin aikin notari ba tare da naɗi ba laifi ne, hakimi kuwa ya sanar da 'yan sanda.