GET Ko POST: Wace Hanya Shafi Zai Bi Ya Aika Saƙo?

A hutun da ya wuce na zauna gida a Arawa, cikin garin Gombe, ina haɗa ɗan shafin intanet na tattara kalmomin da nake ji a bakin dattawan unguwa. Burina shi ne mai bincike ya fara rubuta kalma, ma'anarta ta bayyana nan take ba tare da shafin ya sake buɗewa ba. Wannan dabara, wato burauza ta yi magana da uwar garke a bayan fage, ita ce Jesse James Garrett ya raɗa wa suna Ajax a shekarar 2005. Asalinta daga kamfanin Microsoft ne, a Internet Explorer 5 ta 1999. Ban ɗauko jQuery ko makamancinta ba, domin burauzar yau tana zuwa da XMLHttpRequest da fetch a jikinta. Sai dai wanda ya ƙi ɗan aike, shi zai zaɓi hanya da kansa.

Hanyoyin da aka fi bi su ne GET da POST. Ɗalibin harshe zai fi saurin gane su idan ya tuna bambancin jimlar tambaya da ta umarni. GET tambaya ce: mene ne ma'anar "ƙwarya"? Ko sau goma aka yi ta, babu abin da zai sauya a ma'ajiya. POST kuwa umarni ne: ƙara wannan kalma. Idan aka maimaita, an ƙara sau biyu ke nan.

Ni kuma don lalaci na yi komai da GET. Ranar da sabis ya riƙa yankewa, sai na tarar kalma guda ta shiga sau biyu. Laifina ne, ba na burauza ba. A ƙa'idar HTTP, GET ba ta sauya komai, saboda haka an yarda a sake aika ta idan haɗi ya katse, kuma an yarda a ajiye amsarta a miƙo wa mai tambaya daga baya ba tare da an koma wurin uwar garke ba. Wannan alheri ne ga neman ma'ana, yana ma rage cin data, amma ɓarna ne ga shigar da sabon abu.

Akwai kuma batun haruffanmu masu lanƙwasa. GET tana ɗora bayani a jikin adireshi, kuma dole a sauya wa "ƙ" kama ta zama %C6%99, "ɗ" ta zama %C9%97. Aikin encodeURIComponent ke nan. Harafi ɗaya ya ci gurbi shida. Kalma guda ba matsala, amma tatsuniya sukutum za ta iya wuce tsawon da uwar garke ke karɓa. POST tana sa bayanin a cikin saƙon ne, inda wuri ke da yalwa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sunayen dattawan da suka ba ni kalmomi. Uwar garke kan rubuta duk adireshin da aka nema a kundinta, sai ga sunayensu a jere. POST ta kawar da wannan, amma kada mai karatu ya ɗauka ɓoye sirri take yi. Wannan aikin HTTPS ne.

Yanzu akwatin bincike kaɗai na bar wa GET. Ƙara kalma, gyara ta da goge ta duk sun koma POST, kuma maɓallin aikawa yana kulle kansa har amsa ta dawo.