Lokacin da Waya Ta Zama Mai Tunatarwa: Dabaru Ga Manya Masu ADHD

Mai POS a Kankia da ke mantawa bai rubuta kuɗin da ya tura ba, ko tela a Kafinsoli da ya yanka shadda biyar jajibirin sallah bai haɗa ko ɗaya ba, suna ɗaya ake ba su: masu shiririta. Wani lokaci shiriritar ce. Wani lokaci kuwa ADHD ce, larurar da ke hana mutum tsayar da hankali da lura da tafiyar lokaci. Ba ta yara kaɗai ba ce: littafin DSM-5 na likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya ƙiyasta tana tare da kusan kashi 2.5 cikin 100 na manya.

Ban da magani, akwai ƙwararrun da ke koya wa mutum tafiyar da sana'arsa da harkar gidansa duk da larurar. Hukumar MRTB ke ba su lasisi a Najeriya, kuma ƙalilan ne, sai a manyan wurare irin asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, Kaduna.

Tushen dabararsu shi ne kada ka ɗora wa kanka riƙe abu, ka ɗora wa abin da ke gabanka. Nan waya ke da amfani, ko ƙaramar Itel mai madannai ce. Saita ƙararrawa ta minti 25 na aiki da hutun minti 5, tsarin da Francesco Cirillo ya fito da shi. Kada ka sa mata suna "aiki". Rubuta "kira Alhaji kan kuɗin ɗinki". Ka jingina ta da abin da ba ya tsallake ka, kamar bayan La'asar. Abin da ya faɗo maka a rai, faɗa wa Google Keep da murya kafin ya gudu.

Sai dai wayar ce kuma babbar ɓarauniyar hankali. A yawancin wayoyin Android, Digital Wellbeing na iya rufe TikTok da Facebook a lokutan aiki. Wannan ya fi manhajojin kuɗi da ake talla, a ganina. Ranar da babu caji, takarda a jikin keken ɗinki ta isa.

Tantancewa dai aikin likita ce. Sharaɗinta alamun su faro kafin shekara 12, don haka ka tafi da mahaifiya ko yayan da ya san yarintarka.