Sauya salansar a-kori-kura: abin da mai mota ya kamata ya sani kafin ya biya kuɗi

Daga Agadas zuwa Njamena, daga Garwa zuwa Kwatano, motocin a-kori-kura irin su Toyota Hilux da Land Cruiser 79 su ne ke ɗaukar buhunan hatsi da dabbobi da fasinjoji a hanyoyin da manyan motoci ba sa iya bi. Idan salansar irin wannan mota ta huje, masu sayar da kayan gyara sukan tallata wata da ba ta kamfani ba, mai faɗin bututu da amo mai kauri, da alkawarin za ta ƙara wa injin ƙarfi. Sai dai ƙarar mota daban, ƙarfinta daban. Abin da ke nuna ko sauyin zai yi amfani shi ne irin injin da ke cikin motar da kuma aikin da take yi.

Irin injin ne ke yanke hukunci

Aikin salansa shi ne fitar da hayaƙi daga injin, da rage ƙara, da kai hayaƙin nesa da mutanen da ke cikin mota. A injin mai turbo, kamar 2KD mai lita 2.5 ko 1GD mai lita 2.8 da ya fara zuwa a Hilux a 2015, buɗe wa hayaƙi hanya a bayan turbo na taimaka masa ya juya da wuri, kuma zafin hayaƙin yakan ragu idan mota na hawa tudu da kaya. Direba zai iya jin bambanci, amma ba mai yawa ba, matuƙar ba a taɓa kwamfutar injin ba.

A injin da ba shi da turbo, kamar 1HZ mai lita 4.2 na Land Cruiser ko 5L na tsofaffin Hilux, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Bututun da ya yi faɗi fiye da kima yana rage saurin fitar hayaƙi, har motar ta iya rasa wani ɓangare na ƙarfin tashi, wanda shi ne abin da ake buƙata a cikin rairayi ko taɓo.

Girman da aka fi samu a kasuwa shi ne inci 2.5, wato kusan milimita 63, da inci 3, kusan milimita 76. Rabin incin nan yana ƙara faɗin hanyar hayaƙi da kashi 44 cikin ɗari. Inci 3 ya fi dacewa da injin dizal mai turbo da ke jan kaya masu nauyi, shi kuwa inci 2.5 ya wadatar da ƙananan injuna. Yana da kyau kuma a duba lanƙwasar bututun, domin wanda ya matse a kwana ya riga ya rasa faɗin da aka biya kuɗinsa.

Abin da bai kamata a yanke ba

A motocin fetur na zamani akwai tukunyar tace hayaƙi, wadda makanikai a Najeriya ke kira "indomi" saboda kamannin cikinta. Tana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, shi ya sa ake cire ta a sayar. Sababbin motocin dizal da ake shigowa da su daga Turai kuma suna da matatar toka, wadda ake kira DPF, ko FAP a Faransanci, da ta zama ruwan dare bayan ƙa'idar Euro 5 ta fara aiki a 2009.

Matatar na saurin toshewa idan man dizal na da sinadarin salfa mai yawa, ko kuma idan motar ba ta yin doguwar tafiya. Wannan ne ke sa wasu su yanke ta su maye gurbinta da miƙaƙƙen bututu. Amma kwamfutar injin na karɓar bayanai daga na'urorin da ke jikin matatar, don haka cire ta kan kunna fitilar gargaɗi, wani lokaci ma injin ya rage ƙarfi da kansa. Hanya mafi aminci ita ce a sauya abin da ke bayan matatar kawai, wato bututu da tukunyar rage ƙara.

Ƙarfe da yanayin hanya

Baƙin ƙarfe ya fi araha, kuma kowane mai walda zai iya gyara shi a bakin hanya. A busasshen yanayi irin na Agadas yakan daɗe, amma a Duwala ko Kwatano, inda damshi da gishirin teku suka yi yawa, tsatsa na cin sa da wuri. Ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ake kira inoks, iri biyu ne aka fi sani: 409 da 304. Na biyun ya fi tsada kuma ya fi jure damshi. Maganaɗisu na manne wa 409 sosai, amma da ƙyar yake kama 304, kuma da wannan mai saye zai iya gwada abin da aka miƙo masa.

A hanyoyin burji masu gargada, girgiza ta fi tsatsa kashe salansa. Dole ne a bar robobin da ke riƙe bututun, da gaɓar nan mai lanƙwasuwa da ke kusa da injin. Salansar da aka yi wa walda kai tsaye a jikin mota ba ta jimawa take tsagewa.

Inda hayaƙin ke fita

Nan ne batun ya shafi rai. Wasu kan fitar da bakin bututu a gefe, gaban tayar baya, ko su datse shi a ƙarƙashin bodi domin ƙara ta fito. A motar da ke ɗaukar mutane a baya, hakan na nufin fasinjoji za su yi sa'o'i suna shaƙar hayaƙi, musamman idan an rufa tamfol. Iskar kabon monoksaid ba ta da launi ba ta da wari, tana jawo ciwon kai da jiri, tana kuma iya kisa. A 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke haddasa kansa. Ya kamata bakin bututu ya wuce tayar baya, ya kuma yi nesa da tankin mai da tiyon birki da safaya.

Direban da ke tsallaka iyakoki yana da ƙarin lissafi. Mota mai yawan ƙara ko baƙin hayaƙi na jawo hankalin jami'ai a shingayen hanya, kuma tana iya faɗuwa a binciken lafiyar mota da ake yi a ƙasashe irin su Kamaru da Benin da Nijar. Ga mafi yawan masu a-kori-kura, salansa mai girman ta kamfani ko wadda ta ɗara ta kaɗan, mai ƙarfe mai kyau, da aka ɗaura yadda ya kamata, ita ce za ta kai kaya kasuwa ta kuma dawo da fasinja gida lafiya.