Aikin ofis daga ɗaki a ƙasar baƙunci

Tun annobar korona ta 2020, 'yan'uwanmu da dama mazauna Faransa suka koma yin aikin ofis daga gida ta kwamfuta. An huta da cunkoson jirgin ƙasa, amma tsarin yini ya rikice wa mutane da yawa.

A Yamai ko Maraɗi, ladan ne ke raba mana yini. A Paris ba a jin kiran salla a titi, lokutan kuma ba su zama wuri guda. A watan Yuni magariba takan kai kusan ƙarfe 10 na dare, a Disamba kuwa kafin ƙarfe 5 rana ta faɗi. Cikin hunturu tsakanin azahar da la'asar bai cika awa 2 ba, taro guda ta bidiyo ya isa ya cinye shi. Shi ya sa muke ganin ya kamata mutum ya duba jadawalin salla a farkon mako, ya rubuta ta cikin ajandar aiki tun kafin abokan aiki su cike gurbin.

Sai dangi na gida, waɗanda da sun ji mutum yana ɗaki sai su ɗauka hutu yake, kiran WhatsApp ya yi ta shigowa. Ba a katse wa mahaifi waya. A sanar da shi lokacin tashi cikin ladabi, a kuma tuna masa cewa daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Faransa yana gaban na Nijar da awa 1.

Bayan tashi kuwa, tun 2017 dokar Faransa ta tanadar wa ma'aikaci haƙƙin rufe na'urarsa, ya koma ga iyalinsa.