Ledar Kyauta da Asarar da Take Jawowa: Daga Tumbin Saniya Zuwa Rijiyar Gari

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirinmu na wannan mako. Mun sa shi a takarda ne domin wanda shirin ya wuce shi yana daji ko yana kan hanya, ya karanta, ko a karanta masa.

Duk lokacin da gwamnan jiha ko magajin gari ya tashi jawabi a kan abin da hukuma ta sa a gaba, da wuya ya zauna bai ambaci abu biyu ba: kare muhalli da kula da lafiyar jama'a. A birni waɗannan ma'aikatu biyu ne, kowace da darektanta da ofishinta. Amma ku da ke kwana a rugga ko a tashar mota, abu guda kuke gani. Abin da ya ɓata ƙasa shi ne ke shiga cikin dabba, shi ne kuma ke shiga ruwan da yaranku ke sha. Babu abin da ya fi nuna haka kamar leda.

Me hukumomi suka sa a gaba?

In kun lura da ayyukan da ake yi a jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa, kashi uku ne. Na farko, ƙasa da itatuwa: dashen itace na ranar 3 ga Agusta, gyaran fako, kare burtali da makiyaya. Na biyu, ruwan sha da tsabtar gari: rijiyoyi, famfo, magudanan ruwa, kwashe shara. Na uku, rigakafi: na yara, da kuma na dabbobi da ake yi kyauta kowace shekara domin ciwon huhun shanu da annobar awaki da tumaki.

To, leda ta ratsa duka ukun. Tana ɓata gona da makiyaya, tana toshe magudana, tana kuma kashe dabbar da aka yi wa allura aka gama. Babu allurar da ke tsare saniya daga leda.

Ai dokar tana nan tun 2014

Da yawa ba su sani ba, amma Nijar tana da doka a kan wannan. Doka ce mai lamba 2014-63, ta ranar 5 ga Nuwamba 2014. Ta hana ƙera leda marar kauri, da shigo da ita, da sayar da ita, da amfani da ita, har da tara ta a sito. Ta tanadi tara da ɗauri ga wanda ya karya ta. A 2015 aka fitar da ƙa'idojin aiki da ita.

Maƙwabta ma sun bi wannan hanya. Birnin Njamena na Cadi ya matsa a kan leda tun 2010. Kamaru ta fara aiki da tata dokar a 2014, Benin ta yi tata a 2017. A Najeriya, jihar Legas ta hana farin mazubin abincin nan mai kama da soso a Janairun 2024, sannan a Yulin 2025 ta haɗa da leda marar kauri.

Aikin kuma a rabe yake. Daga Yamai doka ke fitowa. Ƴan duwan ke tsaron abin da ke shigowa ta iyaka. Ma'aikatun muhalli, kiwo da lafiya na jiha su ke bin diddigi. Shara, magudana da tsabtar kasuwa kuwa, wannan aikin magajin gari ne. Ku riƙe wannan na ƙarshen, za mu dawo kansa.

Yadda leda ke kashe dabba

Iyayenmu makiyaya, kun fi mu sanin dabba, amma bari mu faɗi abin da likitocin dabbobi ke bayani. Cikin saniya, tunkiya da akuya ɗaki huɗu ne, babbansu shi ne tumbi. A nan ciyawa ke taruwa ta jiƙa, dabba ta dawo da ita baki ta yi tuƙa, ta sake haɗiyewa. Saniya ba ta tsince abinci, da harshe take naɗowa ta haɗiye. In leda ta biyo, ta shiga ke nan. Tumbi ba ya narkar da ita, kuma da wuya ta fita ta kashi. Sai ta zauna, ta biyu ta zo ta same ta, ta goma ta zo, su nannaɗe da igiya da tsumma su zama dunƙule guda.

Me ke sa dabba ta ci? Yunwa da ƙishin gishiri. Da bazara, sa'ad da ciyawa ta ƙare, dabba kan lashi duk abin da ta samu. Ledar da aka ƙulla ƙosai, awara ko tsire, ga gishiri ga mai a jikinta. Ko akuya, duk da tsirfarta wajen zaɓen ganye, ba ta ƙyale irin wannan.

Kada kuma wani ya ce ai nasa garken ba ya shiga gari. Manoman da ke kusa da birni suna kwasar takin juji su kai gona, ledar tana ciki. Da kaka, bayan an cire amfani, garke ya shiga cin kara da harawa. Ka ga leda ta iske dabbar da ba ta taɓa taka kwalta ba.

Alamomin su ne: dabba ta riƙa ramewa ko da akwai abinci, cinta ya ragu, nono ya ja baya, gashi ya dushe, kashi ya yi kaɗan, wani lokaci ciki ya kumbura ta gefen hagu. Sai mai ita ya ɗauka tsutsar ciki ce ko sammore, ya yi ta sayen ƙwaya da allura, jaka biyu yau, jaka uku gobe. Jama'a, babu maganin da ke narkar da leda a tumbi, na bature ko na gargajiya. Aikin tiyata kaɗai ke fid da ita, shi ma sai likitan dabbobi, sai kuma dabbar tana da sauran ƙarfi. Wanda ke shakka ya je mayanka da safe ya tambayi mahauta abin da suke cirowa. Gani ya kori ji.

Asarar ba ta tsaya ga makiyayi ba. Alhaji mai sayen dabbobi ya loda su zuwa Jibiya, Mai'aduwa, Illela ko kasuwar Alhamis ta Maigatari, shi ma tana jiransa. Ragon da ka saya domin kiwon layya, ka yi wata uku kana zuba masa dusa da kowa bai ɗauki jiki ba, kuɗinka ne ya tafi.

Daga magudana zuwa asibiti

Yanzu mu koma cikin gari. Ledar da aka yar a tasha, iska ta kai ta magudana. Ta haɗu da yashi da shara ta toshe hanya. Ruwan sama ya sauko bai sami mafita ba, sai ya bi gidaje, ya jiƙa gindin katangar ƙasa, ya cika masai ya tumbatsa.

Kun tuna damanar 2024. A faɗin Nijar mutum fiye da 300 suka rasu, fiye da miliyan ɗaya ambaliyar ta shafa, jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki, a Damagaram kuma tsohon masallacin Birni ya rushe. Ruwan shekarar ya yi yawa ƙwarai, ba za a ɗora wa leda laifin duka ba. Amma unguwar da magudanarta ke buɗe da wadda tata ke toshe, ba ɗaya suke kwana ba.

Bayan ruwa ya ɗauke, wanda ya kwanta shi ne gidan sauro, sauro kuma shi ke kawo zazzaɓin da ke cika asibitoci da yara daga tsakiyar damana zuwa kaka. Ruwan da ya wanko masai, ko ledar da wani matafiyi ya yi bayan gida a ciki ya jefar, in ya gangara rijiyar da ba ta da baki, to ga hanyar kwalara. A Yulin 2018 cutar ta ɓarke a yankin Madarunfa, dab da iyakar Jibiya, kafin a shawo kanta ta kama mutum fiye da 3,000. Cuta ba ta tsayawa a shingen duwan. Shi kansa Gulbin Maraɗi daga Najeriya yake shigowa, ya ratsa ta Madarunfa, Maraɗi da Tibiri, ya sake komawa Najeriya ya haɗu da gulbin Rima. Abin da na sama ya zuba, na ƙasa ke sha, kowace ƙasa kuwa tana sama tana ƙasa.

Sai hayaƙi. Wasu na cewa ai ƙonawa suke yi, sun huta. Hayaƙin leda guba ne ga ƙirji, musamman ga yara, tsofaffi da masu asma. Hura wutar girki da leda, ko babbake kai da ƙafa da leda da tsohuwar taya, duk ku bari. Haka zuba koko, kunu ko miya mai zafi a baƙar leda: zafi na sa sinadaran da ke jikinta su shiga abinci.

To me ya hana dokar aiki?

Tambaya ce mai kyau, domin shekara fiye da 10 ke nan, leda tana ko'ina. Dalili uku ne a fili.

Ɗaya, iyaka. Tsakanin Nijar da Najeriya kusan kilomita 1,500 ne, hanyoyin daji ba su ƙirguwa. A ƙetare masana'antu na ƙera leda, ana sayar da ita a fili. Ƙunshi guda a bayan babur ya ishi kasuwar ƙauye mako guda.

Biyu, araha. Mai saye yana ganin kyauta aka ba shi. Mai tebur kuma ya san in ya hana, abokin ciniki zai koma na kusa da shi.

Uku, an hana abu ba a kawo madadinsa mai sauƙi ba. Mai sayar da ruwan leda, mai manja, mai suga na awo, me za su ƙulla da shi? Wannan gaskiyar ƴan kasuwa ce, dole hukuma ta saurare ta. Kamen ƙananan masu talla ba zai kai ko'ina ba matuƙar manyan dilolin suna shigowa.

Darasin sassaben zamani

Akwai abin da ya taɓa yin nasara a nan yankin, ya kamata mu duba. A shekarun 1980, bayan fari, gonakin Maraɗi sun zama fili fetal. An yi ta dashe yana mutuwa. Abin da ya kama shi ne sassaben zamani: manomi ya bar tohon da ke fitowa daga kututture, ya zaɓi masu ƙarfi ya gyara su. Masu bincike sun ƙiyasta cewa gonakin da suka farfaɗo ta haka a Maraɗi da Damagaram sun kai kimanin hekta miliyan 5. Ba tsoron ma'aikacin gandun daji ya sa aka yi ba. Manomi ne ya ga itacen girki, ya ga hatsi ya fi kyau a gindin gawo, makiyayi ya ga ƴaƴan gawo da rani.

Haka leda. Ranar da makiyayi ya lissafa abin da ta ci masa, mai kanti ya lissafa abin da yake kashewa wajen sayenta da kuma kuɗin asibitin yaransa, ranar dokar za ta sami ƙafafu.

Abin da ke hannunku

Makiyayi: ka nisanta garke daga juji da bayan kasuwa, musamman da bazara. Ka ba dabba gishirinta, manda, kanwa ko kantun Balma, domin ta rage lashe-lashe. Kafin ka sauka a mashekari ko gonar da aka zuba takin gari, ka sa yara su tsince ledar. Dabbar da ke ramewa kuma magani bai yi mata ba, ka kai ta ma'aikatar kiwo tun tana tsaye. In za ka sayar, ka faɗi aibinta.

Mai sayen dabba: ka danna gefen hagu, bayan haƙarƙarin ƙarshe. In ka ji dunƙule mai tauri, ka nemi likitan dabbobi kafin a sallama.

Hajiya mai abinci da Malam mai kanti: ku tambayi mai saye ko ya zo da kwano ko jaka. Kada ku ninka leda biyu a kan abu guda. Ku ajiye buhu a gefen rumfa domin tara wadda aka yar. Kwando, faifai da jakar kaba irin wadda matan Gulbin Kaba ke saƙawa suna nan, sayensu kuma kuɗin a gida yake tsayawa.

Direba da ɗan kamasho: buhu guda a cikin mota ya isa ya hana ledar ruwa ɗari faɗawa bakin burtali.

Sannan ku duka, kowace ranar kasuwa kuna biyan tikiti, na kan dabba da na rumfa. Kuna da hakkin ku tambayi magajin gari, ta bakin sarkin kasuwa, sarkin tike ko arɗo: ina wurin zuba shara? Yaushe za a yashe magudana, kafin ruwa ko bayan ya yi ɓarna? An kewaye jujin da ke kan hanyar mashaya? Ku yi tambayar tare, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da hukuma ta rubuta cewa ta sa a gaba, tambayarku ce ke sa ya sauko daga takarda.

Tunda damana na tafe, ku riƙe wannan ma: wanda amai da gudawa ya kama, a dama masa lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali 6 na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana sha ana hanyar asibiti. Kada a jira gari ya waye.

A shiri na gaba za mu duba takardun da ake nema wajen ƙetare iyaka da dabbobi. Allah ya raya dukiya, ya ba da kasuwa mai albarka, ya kai matafiya gida lafiya.